Shagunan Turai Sun Daina Sayen Tsofaffin Faifan Gem: Ina Namu Suka Tsaya?

[Hoto: hannu na jawo baƙar leda daga ƙarƙashin gado. Ƙura ta tashi. Faifai sun zube a kan tabarma.]

Assalamu alaikum, jama'ar Sakkwato da duk inda wannan bidiyo ya iske ku.

Kwanakin nan akwai saƙon da ke yawo a WhatsApp, na san ya shigo wayarku. Wai manyan shagunan gem na Turai da Amurka sun daina karɓar tsofaffin faifai, saboda haka duk mai faifan PS2, wato na'urar gem ta PlayStation 2, a gida ya riƙe shi gam, ya zama dukiya. Wasu kuma sun juya maganar, sun ce tunda masu abin sun ƙi shi, sai a zubar. Shekaranjiya wani ƙanena daga Mabera ya sallamo da wannan ledar da kuke gani, ya ce, "Yaya, duba mani, nawa wanga kaya za shi yi?" Na ce ya zauna a kawo mai ruwa, don amsar tana da ɗan tsawo.

[Hoto: gaban shagon GameStop, sannan na GAME a wani titin Ingila.]

Labarin daina saye gaskiya ne, sai dai ba jiya aka fara ba. GameStop, babban kamfanin sayar da gem na Amurka mai hedikwata a jihar Texas, ya daina karɓar kayan PS2 na hannu tun watan Yunin 2013, 'yan watanni bayan Sony ta tsayar da ƙera na'urar. A Ingila kuma kamfanin GAME ya rufe ƙofar musayar faifan hannu baki ɗaya a Fabrairun 2024, tsoho da sabo. Dalilin ba ya buƙatar dogon bayani, duk ɗan kasuwa ya san shi: kanta tana da iyaka, haya ba ta jira, kayan da zai shekara a ajiye ya tare wa wanda zai fita yau wuri. Ga shi mutane sun koma sauke wasa ta intanet. PS5 ma tun fitowarta a 2020 akwai samfurin da ba shi da wurin sa faifai sam.

Shi ke nan wannan ɓangaren. Inda ake tuntuɓe yana gaba.

[Hoto: Tsohuwar Kasuwa da safe. Dillali na juya kaya a hannu, yana tayawa.]

Mutane na ɗaukar shagon a matsayin mai sayarwa kawai. Babban aikinsa a harkar kayan hannu shi ne saye. Ku riƙe wannan, a kansa komai ya rataya.

Ku ɗauki misalin dillalin da ke bakin kasuwa, wanda kowa ya sani duk abin da ka kai masa zai taya, ko da tayin wulaƙanci ne. Muddin yana zaune a wurin, kayanka na da farashi na ƙasa wanda ba zai faɗi ya wuce ba. Ba za ka jefa a bola ba, tunda ka san akwai inda za ka kai a ba ka ko na kati. Shi kuma dillalin ya tara, ya goge, ya gwada, ya jera, wani yaro mai ƙaramin ƙarfi ya zo ya saya da araha. Haka faifai ɗaya ke zagaya hannu biyar, shida, yana raye.

Ran da dillalin ya naɗe tabarmarsa, kayan ba su canza ba, hanyar da suke bi ce ta toshe. Daga nan sai su rabu gida biyu, kowanne ya kama gabansa.

[Hoto: allo ya rabu biyu. Hagu, tulin faifan ƙwallo. Dama, faifai ɗaya tak cikin kwalinsa.]

Gida na farko, wasannin da aka buga da miliyoyi. PS2 ta fito a 2000, an sayar da sama da miliyan 155, babu na'urar gem ta gida da ta kamo ta. GTA San Andreas na 2004 shi ne wanda ya fi kowane wasa kasuwa a kanta, kwafi sama da miliyan 17. Ga wasannin ƙwallo na FIFA da PES da a lokacin ake sabuntawa duk shekara, na bana ya fito na bara ya kwanta. Irin waɗannan, shago na daina saye farashinsu ke zubewa, domin babu wanda zai ɓata lokaci ya ɗauki hoto, ya sa a kasuwar intanet ta eBay, ya naɗe, ya kai gidan waya, a kan abin da kuɗin aikawa ya fi kuɗinsa. Sai su tafi shagon sadaka, ko kwalin tarkace, ko bola. Wani kason ya faɗo cikin kwantenar kayan hannu ya sauka Legas, ya bi ta Alaba, ya hauro Arewa.

Gida na biyu, wasannin da tun farko kaɗan aka buga, ba su yi kasuwa a lokacinsu ba, daga baya mutane suka farga suna so. Masu tarawa sun san irin su Rule of Rose da Kuon a PS2. A da, mai sa'a kan tsinci irin wannan a kantar shago da kuɗi kaɗan, an jera shi kusa da faifan ƙwallo. Yanzu babu kantar. Duk mai shi sai ya fara duba intanet ya ga abin da na ƙarshe ya biya, ya ɗora nasa a kai. Masu nema da yawa, kaya kaɗan, ba kuma za a sake bugawa ba. Farashi sai sama.

To kun ga mataki ɗaya ne na shago, amma ya haifi abu biyu masu karo da juna. Wanda ya ce "ya zama dukiya" ya hango gida na biyu. Wanda ya ce "a zubar" ya hango na farko. Kowa ya kama jelar gaskiya ya ɗauka ita ce saniyar.

Bari in maimaita a hankali, don hoto ya ƙare mana a nan, sai dai ku saurare ni. Tsufa kaɗai ba ya sa faifai tsada. Ƙarancinsa ne, da yawan masu nemansa, da kasancewarsa na asali, da cikarsa: faifai, kwali, da ɗan littafin ciki. Ɗaya ya ɓace, kuɗi ya ragu. Na asalin ya ɓace, babu maganar kuɗi kwata-kwata.

[Hoto: kanun labarin gwanjon Super Mario 64, an zagaye adadin da jan layi.]

Wannan hoton shi ya fi rikita mutane. A Yulin 2021 an yi gwanjon Super Mario 64 a kan dala miliyan 1.56 a Amurka. Ya faru. Amma kaset ne da ba a taɓa ɓare ledarsa ba tun daga masana'anta, wani kamfanin tantancewa ya duba shi ya ba shi maki kusan na ƙarshe, kuma lokacin kasuwar ta yi zafin da ko su masu harkar sun yi ta gardama a kai. Irin wasan, wanda yara suka buga suka gaji, yana nan birjik. Ba a auna farashin ragon layya na gidan sarauta a ce haka kowace tunkiya take a Kara.

[Hoto: komawa kan tabarma. Hannu na juya faifai ɗaya bayan ɗaya a hasken rana.]

Yanzu mu dawo ledar ƙanena, nan ne zuciyata take.

Mu da muka taso a gidajen gem na Runjin Sambo da Arkilla da Gawon Nama, muna biyan kuɗin wasa ɗaya mu huɗu muna jiran layi, janareta na kuka a waje, mun san abin da ake sa wa waɗancan na'urori. Kusan duk an yi musu aiki don su karanta kwafi. Faifan da muke saye a kasuwa cikin 'yar leda, da hoton da aka buga a takarda, kwafi ne. Ba na faɗin haka don raina su. Su suka ba mu PES 6, su suka sa yaron da bai taɓa fita Sakkwato ba ya haddace 'yan wasan Turai kaf. Amma a wurin mai tarawa, kwafi ba shi da farashi, ko da na Rule of Rose ne.

Ga yadda za ku gane. Ku matso da kyamara.

[Hoto kusa: ƙasan faifai.]

Faifan PS1 na asali ƙasansa baƙi ne. Na PS2 iri biyu ne: akwai mai ƙasa shuɗi, akwai mai ruwan azurfa, kuma idan ka karkata shi a haske za ka ga tambarin PlayStation a jikin ƙasan. Kwafin da aka ƙona a kwamfuta yawanci ƙasansa shunayya ne, ba tambari, wani lokaci har kana ganin iyakar inda rubutun ya tsaya kamar zobe. Kada shuɗi da shunayya su ruɗe ku, tambarin za ku nema.

Sai lamba. A saman faifai da gefen kwali akwai haruffa huɗu da lambobi. SLES ko SCES, na Turai ne. SLUS ko SCUS, na Amurka. SLPM ko SLPS, na Japan. Lambar faifai ta dace da ta kwali, in ba haka ba an haɗa aure ne a hanya. Wannan kuma na da amfani ko ba sayarwa za ka yi ba, don PS2 da ba a yi wa aiki ba, ta Turai ba ta karanta faifan Amurka.

[Hoto: faifai uku a gefe guda, tuli a ɗaya gefen.]

A ledar nan uku muka samu na asali, duka na Turai, biyu na ƙwallo. Na ga fuskar ƙanena ta canza. Na ce masa kada ya zubar da ko ɗaya, kuma ba lallashi nake ba, ga dalili.

A 2023 cibiyar Video Game History Foundation ta Amurka ta fitar da bincike cewa kashi 87 cikin 100 na wasannin da aka fitar a can kafin 2010 ba a samun su a kasuwa sababbi ta kowace hanya. Su kansu shagunan intanet ɗin da aka ce sun maye gurbin faifai, rufewa suke. Nintendo ta rufe na na'urorinta 3DS da Wii U a Maris 2023. Microsoft ta rufe na Xbox 360 a Yulin 2024. Sony ta yi niyyar rufe na PS3 a 2021, sai da jama'a suka yi ca sannan ta janye. Wasan da ka sauke, izinin bugawa ka saya, ba za ka iya sayar wa wani ba, ba za ka ba ƙanenka kyauta yadda ake miƙa faifai ba. A ganina wannan ce asarar da ta fi ciwo, kuma ba mai tara na miliyoyi ta fi shafa ba. Yaron da ke jiran kaya su yi hannu biyu kafin su iso inda aljihunsa zai kai, shi aka rufe wa ƙofa. Mu ne wannan yaron. Duk abin da muka buga a garin nan, wani ne ya gama da shi a wata ƙasa ya sake shi. Idan faifai ya daina fita daga can, kwantena ba ta da abin da za ta kawo nan da shekara goma.

Wani abu kuma: GameStop ɗin da ya kori tsofaffin kaya, ya dawo yana karɓarsu daga 2015, har a 2024 ya ware wasu rassa da ke sayar da tsofaffin gem. Da farashin gida na biyu ya tashi, dillali ya dawo ya shimfiɗa tabarma, amma yanzu ya san abin da yake taya.

[Hoto da sauri: mota a rana, rufin kwano, taga da ƙurar hunturu.]

Ajiya a taƙaice, don garinmu ba ya wasa da roba. Zafin Afrilu yana wuce digiri 40, cikin mota ko saman sif ƙarƙashin kwano ya fi haka, faifai na lanƙwashewa. Ƙurar hunturu ita ke karce shi, ita ke kashe idon na'ura. A sa shi cikin kwali, a tsaye, a ɗaki mai inuwa. In za a goge, ƙyalle mai laushi, daga tsakiya zuwa baki, ba zagaye ba. A kula da saman da ke da hoto shi ma, kada a manna masa komai, kada a rubuta suna da biro. Ɗan littafin ciki kuma a raba shi da mai ƙosai.

Idan wani ya zo ya ce zai kwashe ledarka duka a dunƙule, ka ce ya dakata. Ware na asali tukuna, ka rubuta lambar kowanne a intanet, ka duba abin da aka saya da shi a zahiri, ba abin da wani ya rubuta yana fata ba. A eBay akwai wurin da ke nuna waɗanda aka riga aka sayar, can za ka duba.

[Hoto: an jona tsohuwar PS2 da talabijin. Allo ya yi duhu, sannan sautin buɗewa. Hannaye biyu sun ɗauki abin bugawa.]

Na ukun da muka ware ba na ƙwallo ba ne, kwalinsa na nan, littafinsa na nan, karce ɗaya ne a gefe. Mun duba lambarsa, kuɗinsa ba zai sayi babur ba, zai dai yi cefanen kwana biyu. Ƙanena ya ce a bar shi. Mun hure wa na'urar ƙura, mun sa shi, ta ɗan yi gurnani, ta karanta.