Ciwon ɓarin kai na lokacin al'ada: yaushe ake shan ƙwayar ganye?

[Hoto: saƙonnin WhatsApp, kwalaben ƙwayoyi a kan kanta]

'Yan uwa mata, ƙorafi ɗaya ne ke ta yawo a 'yan kwanakin nan: "Na sayi ƙwayar ganyen da ake talla, kai ya fara sarawa na sha, ko gezau." To Hajiya, ba lallai jabu aka sayar miki ba. Lokacin shan ne aka kuskure.

[Zane: layi yana gangarowa]

A gurguje: dab da zuwan jini, sinadarin isturojin na jikin mace yakan yi ƙasa, shi ke tayar da ciwon, daga kwana 2 kafin al'ada zuwa kwana na 3 da farawa. Sara a ɓari ɗaya, tashin zuciya, ko haske ba a son gani.

[Hoto: hannu da biro a kan kalanda]

Nan nake so ki ba ni aron hankalinki. Kwalbar da aka rubuta feverfew a jikinta, wato sunan ganyen da aka yi ƙwayar da shi, ta rigakafi ce, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Kullum ake sha, har ranakun da kike garau, wata 2 zuwa 3, kafin a ce ta yi ko ba ta yi ba. Aikinta, in ta karɓe ki, rage yawan zuwan ciwon ne. Wanda ya riga ya sauka ba za ta kore shi ba.

Ta yaya za ki san ya ragu in ba ki ƙirga ba? Ki sa jan biro a ranar jini, baƙi a ranar ciwo. Idan suka haɗu a wata 2 cikin 3, na al'ada ne. Ni a ganina wannan kalandar ta fi kwalbar daraja, tunda binciken feverfew ɗin ma baki bai zo ɗaya ba. Kada ki yanke shan feverfew farat ɗaya, kuma mai ciki ko mai neman ciki kada ta taɓa.

[Hoto: citta a turmi]

Citta fa? Ita ce ta lokacin da ciwon ya riga ya fara, musamman don tashin zuciya. A 2014 an gwada garinta a Iran, aka kwatanta shi da sumatriptan, maganin ciwon ɓarin kai na asibiti, sakamakon ya yi kusa, amma gwaji ne ƙarami.

[Hoto: kwalbar butterbur]

Butterbur kuwa, wani ganyen da ake ƙwaya da shi, a yi hattara. Ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta yaba shi a 2012, daga baya ta janye saboda yana iya taɓa hanta.

[Mai gabatarwa, kusa da kyamara]

Idan kina ganin walƙiya-walƙiya a ido kafin ciwon, kuma kina shan ƙwayar tazarar haihuwa mai isturojin, don Allah ki ga likita a makon nan. Haɗuwar biyun na ƙara haɗarin shanyewar ɓarin jiki. Ki tafi da kalandarki da kwalbar a jaka.