Laccar filin unguwa da aka yi a Agege

An yi wannan lacca ranar Lahadi bayan la'asar a harabar wata Islamiyya a Agege. Mai maganar dattijo ne da ya yi shekaru yana aikin safiyo kafin ya ajiye. Daga rikodin waya na kwafo, inda ƙarar janareta ta cinye magana na tsallake.

Assalamu alaikum. Iyayenmu da ke gaba, wakilin Sarki, malamai, iyayenmu mata da ke can baya, Allah ya saka da alheri. Kuna ji na a baya? Toh madalla. Yaro matso da lasifikar nan kaɗan.

An ce in yi magana kan filin nan namu na bayan layin dogo, wanda kowa ya ga an fara kewaye gefensa da kwano makon jiya. Abu huɗu na rubuto a 'yar takardar nan, tarihi, sai yadda ake cinye fili, sai takarda, sai abin da za mu yi. In na wuce lokaci a ja min riga.

Na farko tarihi, kuma ba zan daɗe ba. Duk wanda ya zo Ikko da daɗewa ya san garin nan yana da wuraren shan iska. Inda ake kira Tafawa Balewa Square yanzu filin sukuwa ne, ciyawa ce shimfiɗe, a nan aka sauke tutar Ingila aka ɗaga tamu a 1960, daga baya aka zuba masa siminti. Ikoyi akwai wani lambu da ake ce wa Ikoyi Park, mutane na zuwa da iyali su baza tabarma, yau sunan kawai ya rage a jikin unguwar masu kuɗi, Parkview, in ka je ƙofar sai mai gadi ya tambaye ka wa kake nema. Bar Beach kuwa wa bai sani ba, ranar Sallah mu cika molue, babbar bas ɗin nan ta haya, mu tafi, a hau doki a ɗau hoto. Yanzu an cike wurin da yashi ana gina Eko Atlantic. Gaskiya dai teku na cin titin Ahmadu Bello a lokacin, ba zan ɓoye wannan ba, amma dai yaron Agege ya rasa inda zai je ya ga ruwa kyauta.

Toh na biyu, kuma nan ne zuciyata take. Jama'a fili ba ranar da katafila ta zo ake rasa shi ba. Wallahi ba ranar ba ce. Ranar katafila ranar jana'iza ce kawai, mara lafiya ya daɗe a kwance. Ni na yi aikin nan, na riƙe tef na dasa dutsen safiyo, wannan ɗan simintin mai lamba da kuke gani a kusurwar fili, na san yadda abin ke tafiya. Farko sai wani ya zo da baro ɗaya na shara da asuba ya juye a gefe. Ba wanda ya ce uffan. Gobe baro uku. Wata biyu ya zama bola. Da ya zama bola sai mata su daina bi ta wurin, tsofaffin da ke zama ƙarƙashin bishiyar mangwaro bayan la'asar su koma ƙofar shago, yara masu ƙwallo su matsa gefe guda saboda kwalba. Da mutanen kirki suka janye sai wa ya zo? Masu shaye-shaye. Da suka zo sai mu da kanmu, mu ɗin nan, mu fara cewa kai wannan wuri ya zama matattarar 'yan iska gara ma a gina shi a huta. Kun ji fa. Da bakinmu. Mai son filin bai kashe ko sisi ba mun riga mun rubuta masa hujja.

Alhaji kana dariya, ai shagonka na kallon wurin, baron farko ka gan shi (dariya). Ba kai kaɗai ba, ni ma na gani, na ce ba ruwana.

Daga nan sai makanike ya ajiye mota ɗaya da ta mutu, sai kwantena, sai mai buga bulo ya ce aro yake na wata shida. Aro! Filin da aka ara wa mai bulo ban taɓa ganin ya dawo ba. Sannan sai kwano. In kun ga kwano toh ku sani takarda ta riga ta yi nisa a wani ofis, domin ba mahaukacin da zai sayi bandir ɗin kwano a tsadar yau ya kafa a filin da ba shi da ko 'yar rasit a kai.

Kuma lokacin da suke zaɓa, ku lura da wannan. Akwai wani tsohon gini kusa da Tinubu Square a cikin Eko, Ilojo Bar, ginin irin na mutanen da suka dawo daga Barazil, tun 1956 gwamnati ta sa shi cikin kayan tarihi na ƙasa. Yana da doka a bayansa fa, ba kamar filinmu ba. A watan Satumba na 2016, ranar Lahadi, jajiberin Babbar Sallah, aka kawo katafila aka kwantar da shi. Kowa na can yana cinikin rago, ofisoshi a rufe, kotu a rufe. Kafin a dawo aiki sai tarin ƙasa. Saboda haka in Sallah ta matso ko wani dogon hutu, a samu masu kwana da ido ɗaya, a ajiye lambar lauya a waya.

Mu Hausawa fa bai kamata a koya mana wannan ba. Garin Bahaushe na da, akwai dandali, akwai filin Idi, akwai hurumi a bayan gari da ba mai noma shi ba mai gina shi, akwai burtali na shanu. Ba wanda ya zo daga Turai ya tsara mana. A addini ma akwai shi, Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya keɓe wuri a Naƙi'u don dawakin musulmi, Sayyidina Umar ya keɓe Rabaza, malamai na nan su gyara min. Kuma hadisi ya zo cewa mutane sun yi tarayya a abu uku, ruwa da ciyawa da wuta. Amma je ka Kano yau ka duba badala, ka duba kududdufan da aka cike aka yi shaguna, sannan damina ta zo a ce ruwa ya ci unguwa. Ina ruwan zai je? An gina masa gida a kan hanyarsa. Filin nan namu ma haka yake, duk ruwan da ke gangarowa daga layukan sama nan yake kwanciya ƙasa ta shanye. A zuba masa kankare, wallahi ɗakunanmu zai shigo, mu da ke ƙasa-ƙasa, mu kwana muna kwalfa da bokiti.

Na dawo kan bolar nan dai, don ban gama da ita ba. Fili yana da rai ne in ana taka shi. Ku je Broad Street ku ga Freedom Park. Gidan yarin Turawan mulki ne, Herbert Macaulay ya zauna a ciki, Awolowo ya zauna a ciki. Bayan an rushe shi wurin ya daɗe a yashe, tsakiyar Eko fa, inda taku ɗaya na ƙasa kuɗi ne, da an ga dama da tuni bene ne. Wani mai zanen gine-gine, Theo Lawson, shi ya dage da shawarar a mai da shi lambu, aka buɗe a 2010. Yau ana wasa a ciki ana taro, wa zai iya zuwa ya ce zai kafa kwano? Ko Lekki, hekta 78 da ƙungiyar kare muhalli ta NCF ta killace tun 1990, lokacin ana ganin daji ne kawai, yanzu gidaje sun kewaye shi ta ko'ina birai na ciki suna harkarsu, 'yan makaranta na zuwa da bas. Abin da ake shiga kullum yana da masu kuka in an taɓa shi. Bola ba ta da mai kuka.

Na nawa nake? Na uku ko? A'a na haɗa na biyu da na huɗu ma ina ga. Toh takarda, da sauri.

Dokar ƙasa ta 1978, ta zamanin Obasanjo na soja, ta ce duk ƙasar jiha tana hannun gwamna, amana ce yake riƙe wa jama'a. Kalmar amana tana ciki, ku riƙe ta. Saboda haka ihu a bakin kwano ba ya wadatarwa, Alausa, sakatariyar gwamnatin jiha, za a je. A ɗauki safiyo mai lasisi ya ɗauko lambobin kusurwar filin, a kai ofishin babban safiyo na jiha a duba taswira, shin a tsarin unguwar an ware shi filin jama'a ne, ko yana cikin ƙasar da gwamnati ta karɓe, ko an sake wa wani dangi. A bincika a ofishin filaye ko akwai satifiket a kansa da sunan wa. A tambaya ko mai ginin yana da izinin gini. Sannan akwai hukumar lambuna ta jiha, LASPARK, a rubuta musu su san da filin da bishiyoyin da ke ciki, a Legas sare bishiya ba izini laifi ne. Kowace wasiƙa a yi kwafi biyu a buga mana hatimin an karɓa a kan namu. Wanda bai karɓo hatimi ba bai je ba, yawo ya yi.

Wasiƙa fa ba abin rainawa ba ce. A Kenya a 1989 gwamnatin Moi ta so ta gina bene mai hawa 60 a Uhuru Park a Nairobi, mace ɗaya, Wangari Maathai, ta dinga rubuta wasiƙu, ga jaridu ga ofisoshi ga masu ba da kuɗin daga waje. An zage ta a majalisa, ta je kotu aka kori ƙarar, amma masu kuɗin suka janye, ginin bai yiwu ba. Iyayenmu mata kun ji, mace ce. Ta samu kyautar Nobel a 2004.

Na'am? Bari ya yi tambayarsa, ku ba shi abin magana.

(Wani matashi ya ce: Baba ni fa ban gane ba. Mu shida muke kwana a ɗaki ɗaya, kuɗin haya kullum hawa yake. An ce gidaje za a gina. Mu da ba mu da wurin kwana za mu fito mu hana gina gida saboda ƙwallo da mangwaro? Kuma mu baƙi ne a garin nan, in rigima ta tashi mu za a fara kora.)

Ɗana ka yi tambaya, kuma kar kowa ya harare shi, abin da rabin ku ke faɗa a zuci ne. Legas na bukatar gidaje, wannan ba musu. Amma tambayi mai kwanon nawa zai sa hayar ɗaki. In mai tura baro a kasuwar Mile 12 ko mai yanka a mayankar Oko-Oba zai iya biya, ni zan fara ɗaukar masa bulo. Mun ga gidan talaka a garin nan ai, Gwamna Jakande ya gina tsakanin 1979 da 1983, ga Abesan nan kusa da mu, ga Amuwo-Odofin, ga Iponri, malamin makaranta ya samu. Mun kuma ga ɗaya irin. Unguwar Maroko da ke kusa da Victoria Island, Yulin 1990, aka tashi dubban ɗaruruwan mutane cikin damina, je ka ga abin da ke wurin yau ka faɗa min ko akwai ɗan Maroko ɗaya a ciki. In aka gina wannan filin, ku shida ɗin nan kuna nan ku shida, sai dai an ƙara muku zafi da ruwa a ɗaki, kuma mai gidanku ya ga unguwa ta yi daraja ya ƙara haya.

Maganar baƙunta kuwa, kakannin wasu a nan tun zamanin fataucin goro suke Zangon Agege, tun jirgin ƙasa na kai goro Kano. Amma ka yi gaskiya ta wani gefen, in muka fito mu kaɗai za a ce rigimar Hausawa ce, an gama da mu. Shi ya sa ba za mu fito mu kaɗai ba. Yaran da ke buga ƙwallo a wurin rabinsu Yarabawa ne, akwai Ibo, matan coci na taro a wurin. A je wa Baale, mai unguwar Yarabawa, da girmamawa, a shiga ƙungiyar unguwa ta CDA, wadda in an kira taro ba ma zuwa sai a ce muna kasuwa, a biya kuɗin wata-wata, wasiƙar ta fita da sunan unguwa gaba ɗaya. Kuma ba dutse ba sanda, ko an turo 'yan omo onile, 'yan daban masu da'awar filaye, su tsokane ku, waya za ku ɗaga ku ɗauki bidiyo. Kar wanda ya taɓa kwanon nan, ko da yatsa.

An ja min riga. Toh ranar Asabar ƙarfe bakwai, kowa da tsintsiya da shebur, masu baro a taimaka, bolar nan za mu fara kwashewa ta gefen da ba a kewaye ba, matasa ku sa wasa da yamma ku gayyato 'yan layin coci. Masu tsofaffin hotuna na Idi ko na biki da aka ɗauka a filin a kawo wa sakatare, lauya ya ce yana so. Kai mai tambaya kai ne za ka riƙe takardar sunaye, zo ka karɓa. Ladan bismillah.