Me ya sa gem ke daskarewa da zarar ka sa lambar cit?

Assalamu alaikum jama'a. Shekaranjiya ƙanena ya same ni a Ƙofar Ƙaura, ya miƙo mini waya rai a ɓace. Gem ɗin PS1 (PlayStation na farko) yake bugawa a ePSXe, wato emuleta, manhajar da ke kwaikwayon na'urar PS1 a waya, ya sa lambar cit (lambar maguɗi a gem) ta ƙarin kuɗi, sai allo ya yi baƙi ƙirin, sauti ya maƙale wuri ɗaya kamar kukan sauro. Wai shi emuleta ce ta lalace.

To bari ku ji abin da ke faruwa a ciki. PS1 na da ƙwaƙwalwa mai megabait 2 kacal. Lambar cit irin ta GameShark kuwa kashi biyu ce: na farko adireshi ne a cikin wannan ƙwaƙwalwa, na biyu adadin da za a rubuta a wurin. Kamar ka aiki yaro da kwanon tuwo ka ce ya kai gida na uku a layi. In ya shiga wani layin daban, gida na uku yana nan, amma na wasu ne. Haka lambar da aka yi wa gem ɗin Amurka take yi in ka ɗora ta a kan na Turai: ta zuba adadin kuɗi inda gem ya ajiye umarninsa, shi ke nan, ya tsaya cak.

Don haka duba lambar faifanka tukuna. SLUS na Amurka ne, SLES na Turai, SLPS ko SLPM na Japan. Masu PPSSPP, emuletar gem ɗin PSP, ku naku ULUS ne na Amurka da ULES na Turai.

In sun dace amma bai daina ba, kashe cit ɗin duka, ka riƙa kunna su ɗaya bayan ɗaya har mai laifin ya fito. Kuma kada ka kunna tun gem na lodi, bari sai ka shiga fili.

Inda mutane suka fi yin asara shi ne sebin nan-take na emuleta. Shi hoton ƙwaƙwalwar yake ɗauka gaba ɗayanta, har da ɓarnar da cit ya riga ya yi. Ko ka kashe cit, kana loda shi matsalar za ta dawo. Sake kunna gem daga farko, ka ɗauko sebin memori kad. Ni dai ba na taɓa cit sai na kwafe wannan fayil gefe, don na taɓa rasa wasan wata guda a banza.

Ƙanen nawa? Da muka duba, SLES ne a wayarsa, lambar kuwa ta SLUS ya kwaso.