Gudu ko tafiya: me ke sa sabon mai motsa jiki ya sake fitowa gobe?

Jama'a, assalamu alaikum.

A nan Birnin Kebbi, duk wanda likita ya ce masa jininsa ya hau ko sugansa ya yi yawa, da shawara ɗaya yake fitowa daga asibiti: ka riƙa motsa jiki. Sai Malam ya sayi kambas, ya nufi filin wasa na Haliru Abdu bayan sallar asuba, ya shiga sahun samari yana gudu. Kafin ya zagaya sau biyu yana haki, ya dafe gwiwa, miyau ya kafe. Washegari cinyoyi sun yi tsami, ko ruku'u da ƙyar. Daga nan kambas ya koma ƙarƙashin gado.

Mutane za su ce ragwanci ne. Ni ban yarda ba.

Ga abin da ke faruwa a jiki. Idan kana tafiya da ɗan sauri, iskar da kake shaƙa tana isar tsokoki, kuma yawancin mutane suna jin daɗi a wannan mataki. Amma akwai wata iyaka da in ka tsallake ta, numfashi sai ya ɓalle, ya fara fita sama-sama. Wani masani a Amurka, Panteleimon Ekkekakis, ya daɗe yana nazarin wannan iyaka, ya kuma nuna cewa da an wuce ta jin daɗi yake raguwa ga kusan kowa. Ga wanda ya shekara goma daga kujerar ofis sai kabu-kabu, iyakar tana kusa ƙwarai. Saurin da yaro ɗan ƙwallo yake ɗauka ɗumama jiki ne, ga Malam azaba ce.

To me ya sa jin daɗi ya zama abin dubawa? A 2008, David Williams da abokan aikinsa sun fitar da wani bincike kan manya da ba sa motsa jiki. Waɗanda suka fi jin daɗin atisaye matsakaici tun farko, su ne aka tarar sun fi motsa jiki bayan wata 6, da kuma bayan wata 12. Wato zuciya tana ajiye lissafin yadda aka ji, da shi take yanke hukunci in gari ya waye.

Wani abin kuma: in aka bar mutum ya zaɓi saurinsa da kansa, ya fi jin daɗi a kan a ce masa yi kaza. Kuma ba wai sai ya yi ta jan ƙafa ba. Da yawa sukan kai kansu matakin da ke amfanar zuciya ba tare da an matsa musu ba.

Ƙwarin gwiwa ma ta nan yake shigowa. Tun 1977 masanin halayyar ɗan Adam Albert Bandura ya bayyana cewa babban abin da ke sa mutum ya yarda zai iya, shi ne ya ga ya taɓa iyawa. Hajiyar da ta yi niyyar zagaya tsakar gida minti goma kuma ta cika su, gobe sha biyar ba za su ba ta tsoro ba. Wadda aka ɗora wa minti arba'in ta tsaya a na takwas, abin da ta koya shi ne ba za ta iya ba.

Ga awo mai sauƙi. Kana tafiya, ka gwada hira da na kusa da kai. In magana tana fita amma ba za ka iya rera waƙa ba, kana matsakaicin mataki. In kalma biyu uku sai ka tsaya jan numfashi, ka sassauta.

Hukumar Lafiya ta Duniya tana so babba ya samu minti 150 zuwa 300 na irin wannan a mako, amma ta ce ko kaɗan ya fi babu, a fara da kaɗan a riƙa ƙarawa. Mai ciwon zuciya ko hawan jini ya fara jin ta bakin likitansa, kuma in ka ji ciwon ƙirji ko jiri, ka tsaya nan take. A zafin Afrilu kuwa, da rana kan haura maki 40 a Kebbi, ka fita da asuba ko bayan la'asar sakaliya, da gorar ruwa a hannu.