Amsoshin Tambayoyinku: Jirgin ƙasan da Daura da Katsina ke dako

Assalamu alaikum jama'a masu sauraro, barkanmu da warhaka, barkanmu da sake saduwa a filin amsoshin tambayoyinku daga nan birnin Katsina. Takardun da suka taru a wannan makon, in ka cire biyu ko uku, duk a kan abu guda suke, wato jirgin ƙasa. Saboda haka sauran sai su yi mana haƙuri, yau ranar jirgi ce.

Takarda ta farko daga wani ɗalibi ce a Ƙofar Ƙaura. Ya ce ya ga jirgin Legas a waya, mai launin shuɗi, yana tafiya bisa gada mutane na shiga da fita, to shin irinsa ne za a kawo mana, har ya riƙa hawa da safe zuwa jami'a ya huta da kuɗin Keke Napep?

To ɗan samari, ka ci gaba da lallaɓa mai Napep ɗinka. Wanda ka gani jirgin cikin gari ne. Ya fara ɗaukar fasinja a watan Satumban 2023, daga Marina zuwa Mile 2, tafiyar kilomita 13 da tashoshi biyar, kuma da lantarki yake aiki. Irin wannan ana yinsa ne inda mutane suka yi wa titi yawa, tashoshinsa kusa da juna, ba ya ɗaukar buhu balle saniya. Abuja na da nata tun 2018, Addis Ababa ta Habasha tun 2015. Namu kuwa doguwar hanya ce ta gari zuwa gari. Za ta taso daga Kano, ta bi Ɗambatta, Kazaure, Daura, Mashi, ta shigo Katsina, ta wuce Jibiya, ta tsaya a Maraɗi ta Jamhuriyar Nijar, kimanin kilomita 284, da wani reshe daga Kano zuwa Dutse. Ranar da za ka hau shi, to Kano ka nufa ko Daura, ba lacca ba.

Sai wata Hajiya daga Daura, wadda ta ce tana saro atamfa da leshi a Kantin Kwari. Tambayarta gajeriya ce: "Malam, wai yaushe? Mun gaji da ji."

Hajiya, Allah ya ba ki haƙuri, ba ke kaɗai ba ce. A watan Fabrairun 2021 aka ƙaddamar da aikin, zamanin Shugaba Muhammadu Buhari, aka ba kamfanin Mota-Engil na ƙasar Portugal a kan kuɗin da ya kusa dala biliyan 2. Tun daga lokacin an sha sa rana ana ɗagawa. Ni shawarata, ki daina sauraron rana, ki riƙa kallon aikin, tunda kina bin hanyar kina ganinsa ta tagar mota. Aikin dogo yana da matakai, kuma ba a tsallake ɗaya. Da farko a share hanya a biya diyya. Sannan ciko, a tara ƙasa a danne ta har ta yi tudu miƙaƙƙe, domin jirgi ba ya son hawa da gangara irin na mota. Sai kwalbatoci da gadoji, wanda shi ne mai cin lokaci da kuɗi, musamman a ƙasa irin tamu da kwari da rafuka suke bushe rabin shekara, damina na sauka su cika su tumbatsa. Bayan nan a zuba tsakuwa, a jera kankaren da ake ɗora dogo a kai, a shimfiɗa ƙarfen. Mutane da sun ga ƙarfe sai su ce an gama. Ba a gama ba. Akwai ginin tashoshi, akwai na'urorin ba da hannu da na sadarwa, waɗanda su ne ke hana jirgi biyu haɗuwa a layi ɗaya, akwai kawo kawunan jirgi da taragai, sannan a yi ta gwajin tafiya babu fasinja.

Ki ɗauki layin Abuja zuwa Kaduna, kilomita 186. An fara shi a 2011, an gama shimfiɗa ƙarfe a ƙarshen 2014, amma sai a watan Yulin 2016 fasinja ya fara hawa. Shekara ɗaya da rabi ke nan dogo na kwance ana kallo. Saboda haka, Hajiya, ranar da kika ga jirgi ya wuce ta bayan gari fayau ba kowa a ciki, yana kaiwa yana komowa, to a nan ne za ki fara tambayar kuɗin tikiti.

Kuma ko an buɗe, buɗewa daban, ɗorewa daban. Jirgin cikin garin Abuja da na ambata, an yi bikinsa a 2018, annobar korona na zuwa a 2020 ya tsaya, bai sake motsi ba sai a watan Mayun 2024, bayan an kashe wasu kuɗin an gyara abin da ya lalace da wanda ɓarayi suka kwance. Wannan ya fi damuna a kan ranar yanka ƙyalle.

Yanzu ga takardar da ta fi tsayi, daga wani Alhaji a Jibiya da ya ce yana da tireloli, da yaran mota da iyalansu a wuyansa. Ya ce ana ta murna shi kuwa gabansa faɗuwa yake yi, shin ya sayar da motocin tun suna da daraja?

Ranka ya daɗe, kada ka sayar. Amma tsoron naka yana da tushe, ba zan ɓoye maka ba. Wannan layi, duk da hotunan fasinjoji da ake nunawa, kaya ne zai riƙe shi. Tirela tana ɗaukar buhu 600 na siminti, tan 30 ke nan. Tarago ɗaya na iya ɗaukar abin da ya kusa na tirela biyu, kai ɗaya kuma ya ja taragai da dama da direba guda. Dalili shi ne ƙarfe a kan ƙarfe ba ya cijewa kamar taya a kan kwalta, don haka man da ake ƙonawa a kan kowane buhu kaɗan ne. A doguwar tafiya da kaya mai nauyi, siminti, taki, hatsi, kwantena daga tashar jiragen ruwa ta Apapa a Legas, mota ba za ta iya gasa da shi ba. Sai dai wannan doguwar tafiyar tana jiran wani aikin, wato layin Kaduna zuwa Kano da aka ƙaddamar a 2021, da kuma haɗe Ibadan da Abuja. Tsohon dogon Turawa da ke Kano ƙarami ne, faɗinsa milimita 1,067, sabon kuwa 1,435, taragon wannan ba ya hawa wancan. Kafin a haɗe sababbin layukan, sai an sauke kaya a Kano an sake lodi.

Abu na biyu, jirgi a tasha yake tsayawa. Ba ya shiga kasuwar Mai'aduwa, ba ya zuwa Ɓatagarawa ko Kaita, ba ya kai taki ƙofar shagon dila. Duk abin da ya sauke, mota ce za ta kwashe, duk abin da zai ɗauka, mota ce za ta kawo. Ka tambayi dattawan Funtuwa. A duk faɗin jihar nan su ne suka san jirgi, tun ƙarshen shekarun 1920 da aka ja layi daga Zariya zuwa Gusau da Ƙauran Namoda. Auduga ce ta kawo shi, kuma da ya zo masu jakuna da raƙuma ba su rasa aiki ba, tafiyarsu ce ta gajarce, daga ƙauye zuwa tasha. Funtuwa ta zama garin da ta zama, birnin Katsina kuwa dogo bai taɓa zuwa ba, alhali ya isa Kano tun 1911. To kai ma abin da zai faru da kai ke nan. Lodin Legas zai iya raguwa wata rana, lodin tasha zuwa ƙauyuka zai ƙaru. In da ni ne, idan zan ƙara mota, matsakaiciya zan ƙara, kuma in fara magana da 'yan ƙungiya a kan wurin fakin da lodi a bakin tasha tun yanzu. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Wani bawan Allah daga Dutsin-ma ya rubuto da ɗan zafi. Ya ce me ya sa za a ci bashi a kai wa Nijar jirgi, ga hanyoyinmu duk ramuka?

Malam, zancen ramuka gaskiyarka ne. Amma mafi yawan layin a cikin Najeriya yake, a jihohin Kano, Jigawa da Katsina, guntun ƙarshe ne ya tsallaka. Lissafin gwamnati shi ne Nijar ba ta da teku, kayanta ta Kwatano da Lome suke shigowa, in aka sama musu hanya mai sauƙi za su biyo ta Legas su biya mu. Ko lissafin zai fita, ya dogara da zaman lafiyar iyaka, mun kuwa ga yadda aka rufe ta bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 har zuwa Maris na 2024, mutanen garuruwan bakin iyaka irin su Magama da Kwangwalam suka ji a jikinsu. Amma dai a bakin Bakatsine, kiran Maraɗi baƙuwar ƙasa yana da nauyi. Sarkin can har yau Sarkin Katsinan Maraɗi ake ce masa.

Sai takardar da wani ya rubuta a madadin mahaifinsa, makiyayi a ƙasar Mashi. Ya ce cikon dogo ya ratsa tsakanin rugarsu da mashaya, yaya za su yi?

A gaida Baba. Wannan ita ce tambayar da ba a jira da ita. Inda hanya ta yanke burtali, ana barin mashiga ta ƙarƙashi ko wurin tsallakawa, kuma lokacin nemansa shi ne yanzu da injiniyoyi ke wurin. Ku haɗu da Arɗo da mai gari, ku je wurin hakimi da ƙaramar hukuma, a rubuta a takarda, a nuna wurin da ƙafa. In kamfani ya kwashe kayan aikinsa ya tafi, fasa ciko a yi kwalbati ya zama sai an koma Abuja. Sannan a ja wa yara kunne tun jirgin bai zo ba. Jirgi mai kaya yana iya cin fiye da kilomita guda kafin ya tsaya bayan an taka birki, kuma ba ya kaucewa. Direban yana ganin garke, babu abin da zai iya sai hon. A Ikeja ta Legas, a watan Maris na 2023, wata motar ma'aikata ta yi ƙoƙarin riga jirgi tsallakawa, aka rasa rayuka. Mu nan ba mu saba ba, kuma na san halinmu, dogo na kwanciya za a fara shanya barkono a gefensa, 'yan acaɓa su buɗe hanyar yanke.

Wata malamar makaranta daga Ƙofar Marusa ta tambayi tsaro. Malama, babu wanda ya manta daren 28 ga Maris, 2022, da aka dasa wa jirgin Abuja zuwa Kaduna bam, aka kashe mutane aka kwashe wasu zuwa daji, na ƙarshensu sai a watan Oktoba suka fito. Jirgin bai dawo ba sai Disamba, kuma daga nan aka ce sai da lambar katin ɗan ƙasa ake sayar da tikiti. Yankin Jibiya kuwa kin san halin da ya shiga. Ya kamata wakilanmu su riƙa tambayar tsarin gadin layin da irin ƙarfin da suke tambayar ranar buɗewa. Ke kuma, in akwai wanda bai yi katin ba a gidanku, a je a yi.

Na ga takardu huɗu daga matasa masu neman aiki, zan haɗa su. Akwai Jami'ar Sufuri ta Tarayya a Daura, wadda kamfanin CCECC na China ya gina, an kafa ta ne don irin wannan aiki. Wanda bai samu jami'a ba, walda, wayarin da gyaran injin dizal ba za su rasa kasuwa ba. Amma duk wanda ya ce ku kawo kuɗi ya sa sunanku a jerin ma'aikatan jirgi, ku riƙe kuɗinku.

Injiniyan shirinmu yana ta nuna min agogo. Masu tambaya a kan diyyar gonaki, takardunku suna nan, da su za mu buɗe shiri na gaba, domin sai mun bi dokar mallakar ƙasa ta 1978 a tsanake, ita ce ta ce amfanin gona da gini ake biya, ba ƙasar kanta ba. Kafin nan, kowa ya adana takardar da aka ba shi ranar awo. A ci gaba da aiko da takardu, a rubuta gari da unguwa. Sai Allah ya kai mu mako mai zuwa, wassalamu alaikum.