Ina kibiyar ta shiga? Gyaran hotunan manhaja don masu raunin gani

Assalamu alaikum, 'yan'uwa masu haɗa manhaja da shafukan intanet. Ku dubi allon nan da kyau. Shafin biyan kuɗin makaranta ne, irin wanda da yawanmu muke haɗa wa makarantu a nan Kaduna. Ga kibiyar komawa baya, ga madubin bincike, ga kwandon shara, kowanne a wurinsa. Yanzu zan danna maɓallai uku tare: Alt na hagu, Shift na hagu, da Print Screen. Windows ya tambaye ni, na amsa masa. To, kun gani? Bango ya koma baƙi wuluk, rubutu ya yi fari tas. Amma ina kibiyar? Ina kwandon? Suna nan, ba inda suka je. Baƙaƙe ne a kan baƙi, kamar an yi rubutu da gawayi a bayan tukunya.

Abin da na kunna shi ne yanayin bambancin launi mai ƙarfi. Ya daɗe a cikin Windows, kuma a Windows 11 da ya fito a 2021 an ba shi zubi huɗu: Aquatic, Desert, Dusk da Night sky. Su wa ke amfani da shi? Duk wanda ya taɓa zuwa Cibiyar Kula da Idanu ta Ƙasa da ke nan garin da safe ya san amsa. Masu yanar ido, masu hawan jinin ido, da waɗanda ciwon suga ya taɓa musu gani. Da yawansu ba makafi ba ne, suna gani, sai dai dishi-dishi. Ba manhajar karanta allo suke saurare ba, da idonsu suke neman maɓalli. Shi ya sa bayanin da ka rubuta a bayan hoto, duk da muhimmancinsa, ba zai fitar da su ba.

Kada ku haɗa wannan da yanayin duhu da ya zo a Android 10 da iOS 13 a 2019. A yanayin duhu kai ne ka zaɓi launuka. A nan kuwa mai kwamfutar ne ya zaɓa, burauza kuma ta ture naka ta ɗora nasa dole: launin rubutu, na bango, na iyakar akwati. Inuwar da ka sa a ƙarƙashin maɓalli ma share ta take yi. Abu guda ne ba ta taɓawa, shi ne hoto. Ba ta san abin da ke cikinsa ba, don haka ta bar maka shi yadda ka ajiye. Kibiyarmu hoton PNG ce, baƙa, bayanta fanko. Da can farin shafi ne ke fito da ita.

Wani zai ce, ai da sauƙi, sai in mayar da ita fara. A'a, malam. Ga Desert na kunna, bangonsa mai haske ne, farar kibiya ta sake ɓacewa. Kuma mutum na da damar sauya kowane launi da kansa; wani ruwan ɗorawa a kan baƙi ne kawai idonsa ke ɗauka. Ba za ka iya yin hasashe ba, don haka daina zaɓa wa alamar launi.

Ga yadda ake yi. Ka zana alamar da SVG, wato tsarin hoton da ake rubutawa da lamba, ka zuba ta kai tsaye cikin shafin, a wurin launi ka rubuta currentColor. Ma'anarsa, ta ari launin rubutun da ke kewaye da ita. Ku duba: rubutu ya zama fari, kibiya ta bi shi. Na koma Desert, ta yi duhu da kanta. Sai dai a kula, in ka kira fayil ɗin SVG ta cikin img, wato umarnin HTML na saka hoto, ba zai ga launin shafin ba, ka koma gidan jiya.

Tambarin makaranta ko na kamfani ya fi wuyar sha'ani, domin mai shi ba zai yarda a taɓa masa launi ba, kuma yana da gaskiya. Hanya biyu ce. Ko dai ka shirya zubi biyu, na bango mai duhu da na mai haske, ka sa su cikin umarnin HTML na picture, burauza ta zaɓa ta hanyar prefers-color-scheme, wanda ke gaya mata ko bangon mai duhu ne ko mai haske. Ko kuma ka haɗa wa tambarin bangonsa a cikin hoton, da ɗan fili kewaye. Ni na fi son ta biyu a ƙananan ayyuka, domin ba ta da abin mantuwa. Masu manhajar Windows suna da contrast-black da contrast-white a sunan fayil, masu Android kuma suna da drawable-night don yanayin duhu.

Hoton fuskar ɗalibi ko na gini, ku ƙyale shi. Kada a juya masa launi.

Inda nake so ku natsu shi ne lambar QR ta rasit. Ga ta nan, ɗigo-ɗigon baƙi, farin da ke bayanta kuma daga akwatin shafin yake fitowa. Da na kunna yanayin, farin ya tafi, lambar ta nutse. Uba ya biya kuɗi, ya zo a tantance, waya ta kasa karantawa. Farin nan da gefensa dole su kasance cikin hoton kansa. Akwai umarnin forced-color-adjust: none da ke hana burauza taɓa wani sashe, kuma irin wannan wuri aka yi shi domin sa. Wanda ya shafa shi a dukkan shafi don kare kwalliyarsa, ya ƙwace wa mai raunin gani abin da ya dogara da shi ne.

Maɓallin da inuwa kaɗai ke nuna iyakarsa fa? Sa masa iyaka mai launin transparent, wato marar launi. A yanayin yau da kullum ba a ganin ta, a wannan yanayi kuwa sai ta fito sarai.

Akwai ma'auni, ba a ido ake yankewa ba. Ƙa'idar WCAG 2.1 ta 2018, wadda ta shafi sauƙaƙa shafukan intanet ga masu buƙata ta musamman, ta ce bambancin haske tsakanin alama mai ma'ana da bangonta ya kai 3 da 1, ƙaramin rubutu kuma 4.5 da 1. Wannan ba masu ciwon ido kaɗai yake yi wa rana ba. Mai POS da ke ƙarƙashin laima a tashar Kawo da tsakar ranar watan Maris, haske na dukan fuskar wayarsa, shi ma toka-tokar alama ɓace masa take yi.

In ba Windows kake da shi ba, buɗe kayan aikin masu haɗa shafi a Chrome ko Edge, shiga Rendering, ka kunna kwaikwayon forced-colors, wato sunan wannan yanayi a burauza. Bi shafinka da maɓallin Tab tun daga sama har ƙasa, a zubi mai duhu da mai haske, ka rubuta duk alamar da ta ɓace. Ka fara gyara da shafin shiga da na biyan kuɗi, domin nan ne mutum ke maƙalewa ya rasa yadda zai yi.