Cabernet Sauvignon: inabin da ba don ci ake noma shi ba

Assalamu alaikum, masu kallo. Inabin da kuke saya a kasuwar Gusau, musamman lokacin azumi, manya ne masu ruwa da siririn ɓawo, domin don ci aka noma su. Akwai kuma wani iri mai suna Cabernet Sauvignon, wanda gonakinsa a duniya suka haura hekta 300,000, kuma kusan dukkansa jar giya ake yi da shi. A nan Zamfara, inda aka ƙaddamar da shari'ar Musulunci a 1999, shan giya da sayar da ita haramun ne, amma sanin yadda halattaccen ɗan itace yake rikiɗewa ya zama abin maye ilimi ne da ba ya cutar da mai shi.

Asalin wannan inabi yankin Bodo ne, a kudu maso yammacin Faransa. A 1997 masana a Jami'ar Kalifoniya da ke Debis suka bayyana, bayan binciken ƙwayoyin gado, cewa barbara ce ta haifar da shi tsakanin baƙin inabi Cabernet Franc da farin inabi Sauvignon Blanc, ga alama a ƙarni na 17, ba tare da shirin kowane manomi ba. Yanzu ana noma shi a Amurka da Chile da Ostareliya da Afirka ta Kudu, har da Sin.

'Ya'yansa ƙanana ne, baƙaƙe, masu kaurin ɓawo, kuma a ɓawon nan ne sirrinsa yake. Ruwan cikinsa ba ja ba ne. Launin yana fitowa ne idan an farfasa 'ya'yan, an bar ruwan ya jiƙu tare da ɓawo da ƙwallaye na mako ɗaya zuwa uku. A nan ne kuma yake ɗaukar sinadarin tanin, wato abin da yake ɗaure harshe idan shayi ya dahu fiye da kima. Duk wanda ya taɓa ganin majemi yana jiƙa fata a ruwan bagaruwa ya ga aikin tanin da idonsa, kuma yawansa ne yake sa wannan giya ta yi shekaru a kwalba ba ta lalace ba.

Maye kuwa daga sukari yake zuwa. Yis, ɗan uwan wanda ake kwaɓa burodi da shi, yana cinye sukarin ruwan inabin, ya mayar da shi barasa da iska, daga nan a zuba giyar a gangunan katakon wata bishiya mai suna ok, masu cin lita 225, ta yi wata da watanni tana tsima. Kwalbar da aka rubuta wa Cabernet Sauvignon ba lemon inabi ba ce. Barasar cikinta yawanci kashi 13 zuwa 15 ce cikin 100, kusan ninki uku na wadda ke cikin giyar kwalba da aka saba gani, kuma adadin yana rubuce a jikin takardar da aka manna mata.